Shafin Da Auta Ya Ƙona

Akwai wani mai sana'ar ƙarfe da kowa ke kira Auta, ko da yake furfura ta fara yi masa sallama a gemu. Mutum ne mai hannu, amma fa akwai riƙo. Abin da aka yi masa tun yana rarrafe, yana nan ajiye a cikinsa.

Mahaifinsu ya rasu ya bar wani tsohon injin sassaƙar ƙarfe, irin wanda kansa ke kai da komo yana fere ƙarfe har ya yi sumul. Da ƙarar injin nan aka raine su, shi da yayansa. Sai dai tsohon ya kwance cikin injin zai gyara, ajali ya riga shi. Giyoyin injin, ƙarafunan nan masu haƙora, suna zube a bokiti.

Ranar rabon gado, Yaya ya dafa injin a gaban dangi ya ce, "Wannan ba na yara ba ne. Auta, ɗauki akwatin takardun Baba, in ka ji yunwa ka jiƙa ka sha."

Aka kwashe da dariya, har da surukai. Auta ya ɗauki akwatin, amma ya ƙullaci maganar.

To, ashe littafin injin yana cikin akwatin.

Yaya ya yi ta fama da giyoyi, ya haɗa ya kwance, abu ya ƙi. Ya zaga wurin masu gwangwan, ya sa an duba masa a intanet, aka ce kamfanin ma ya daɗe da rufewa. Da ya rasa yadda zai yi, sai ga shi a ƙofar shagon Auta, yana murza hula.

"Auta, ko littafin injin nan yana wajenka?"

"Wane littafi, Yaya? Ai na jiƙa na sha."

Yaya ya sunkuyar da kai. Auta ya ji wani sanyi a ransa, ya ce ya dawo gobe zai duba.

Yana fita, Auta ya buɗe littafin. A tsakiya akwai wani dogon shafi mai ninki, wanda ya zana yadda kowace giya ke zama da inda mai ke bi. Har da shatin ɗan yatsan Baba na baƙin mai a gefensa. Ya yage shi, ya cusa a garwashin maƙera, ya tsaya yana zuga wutar har ya zama toka. Washegari ya miƙa wa Yaya sauran, yana murmushi.

Daga nan kullum sai ya bi ta ƙofar shagon Yaya don kawai ya ga injin a lulluɓe da buhu. Wallahi daɗi yake ji.

Ana nan sai ciwo ya kwantar da Yaya, ɓarin jikinsa ya shanye. Wata safiya mota ta tsaya a ƙofar shagon Auta, aka sauke injin, da bokitin giyoyi, da littafin a ɗaure cikin leda.

Auta ya tafi gidan a ruɗe. Ya tarar da Yaya a kan tabarma, baki ya karkace.

"Auta, na zalunce ka ranar nan," in ji Yaya da ƙyar. "Kai ka gaji hannun Baba, ni girma kawai na gada. Shafi ɗaya ne babu a littafin, ina jin tun zamanin Baba ya ɓace. Ka tada mini shi, in ji ƙararsa ko sau ɗaya."

Auta ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da Yaya ya zarge shi ma, da ya fi masa sauƙi.

Ya koma ya zube giyoyi a ƙasa, ya rufe ido yana ƙoƙarin tuno zanen da ya kalla yana ci da wuta. Ya bi duk inda Yaya ya bi yana neman wani littafin, bai samu ba. Ya haɗa da ka, ya kunna, haƙorin babbar giya ya karye nan take.

Duk zuwan da zai yi dubiya, tambayar Yaya ɗaya ce: "Ya tashi?"

"Saura kaɗan, Yaya."

Bai tashi ba har aka kai Yaya makwancinsa. Injin yana nan a shagon Auta, ya lulluɓe shi da buhun da ya zo da shi.

Darasi: Kafin ka lalata abu don ka ƙuntata wa ɗan'uwanka, ka tuna wata rana kai ne za ka nemi abin, kuma wanda ka rama a kansa yana iya zuwa neman gafara bayan ka riga ka ƙona hanyar gyara. Ku tura wa duk wanda kuka san yana riƙe da ɗan'uwansa a zuci, ko Allah zai sa ya sauke tun da sauran lokaci.