Ƙofar Inna Kuluwa

Wai warin daddawar Inna Kuluwa ne ya sa aka tsegunta wa 'yan sanda bam take haɗawa, suka ɓalle mata ƙofa. Kalwa suka tarar.

Da ta je neman diyya, Sufeto ya ce, "Inna, kawo sunayen waɗanda suka ɓalle, in biya ki."

"Fuskokinsu a rufe suke, ranka ya daɗe."

"To, ba yarana ba ne."

Inna ta dafe ƙirji. "Wayyo! Ashe 'yan ta'adda ne suka zo a motar ofishinka! Doka kuwa ta ce wanda ya ga 'yan ta'adda ya yi shiru, sai ɗauri. Bari in garzaya wajen Kwamishina."

Sufeto ya sha gabanta. "Haba Inna! Ta katako kike so, ko ta ƙarfe?"

"Ta ƙarfe, ɗan nan. Ka ga 'yan ta'adda sun yi yawa a unguwa."