Barden da Ba a Faɗar Sunan Ubansa

An ce a zamanin da, a wata ƙasa da ba sai an faɗi sunanta ba, an yi wani Sarki wanda ya sa aka yi shela: duk wanda ya ce yaron nan Jatau, ɗan Tabawa 'yar masunta, ya yi kama da wani babba a garin, za a kore shi daga ƙasa. Kafin shelar, mutane kaɗan ne suka lura da kamar. Bayanta har makafi sun sani.

Da Jatau ya girma, goshinsa da muryarsa suka ƙi bin doka. Sai Waziri Lawandi ya ba da shawara: "Allah ya ba ka nasara, a ba shi doki da mashi. Bakin daga yakan warware irin wannan matsala."

Aka tura shi yaƙin gabas, ya dawo. Aka tura shi na kudu da dakaru kaɗan, ya dawo da ganima. Ya dai ƙi mutuwa, har kunya ta sa aka naɗa shi Barde.

Yana can bakin iyaka Tabawa ta rasu. Fada ba ta aika ko da gaisuwa ba, kuma da maroƙa suka tarye shi a ƙofar gari, kowane mayaƙi suka kira shi da sunan ubansa, shi kuwa suka ce, "Barde, ɗan mutanen kirki."

Kashegari da hantsi ya shiga fada da takalmi a ƙafa, takobi a kafaɗa, ya tsaya ƙyam bai faɗi ya yi gaisuwa ba. Hukuncin wannan kisa ne, kuma ya sani.

Waziri ya daka tsawa: "Kai, Barde! Gaban wa kake?"

"Abin da na zo tambaya ke nan, Waziri."

Alƙali bai sha wahalar yanke hukunci ba. Aka fitar da shi ƙofar fada, gari ya taru, Sarki ya zauna. To, a al'adar ƙasar ba a sare kan mutum sai Hauni, mai zartar da kisa, ya kira shi da sunan ubansa, uban ya amsa zai ɗauki gawa. Jinin gidan sarauta kuwa ba a zubar da shi.

Hauni ya ɗaga murya: "Jatau ɗan wa?"

Malamai suka shiga duban ƙasa kamar sun yar da allura.

Amma Waziri ya shirya. Ya sa aka kawo wani tsohon masunci, Ɗanjuma, aka ɗora masa hannu a kan Alƙur'ani don ya rantse shi ne uban.

Jatau ya dube shi ya ce, "Baba, ba ni da fushi da kai. Kai ka koya mini iyo." Sa'an nan ya juya wajen Sarki, idanunsa jajur. "Da kai nake. Na ci maka garuruwa, na bar jinina a kowace iyaka taka. Uwata ta mutu mata suna rufe baki da gyale in ta wuce. Kai ka yi abin, ita ta ɗauki kunyar, yau kuma tsohon nan zai ɗauki wutar. Sai yaushe za ka ɗauki wani abu da kanka?"

Dogarai suka yi ca: "Hattara! Hattara!"

"Ku yi mini shiru! Wanne cikinku ya taɓa jin ƙarar kibiya?"

Waziri ya ce, "Rantse, tsoho."

Ɗanjuma ya buɗe baki, hawaye na bin gemunsa. Hauni ya gyara tsayuwa.

"Ɗauke hannunka, tsoho," in ji Sarki. A hankali ya faɗa, sai da ya maimaita. Ya miƙe, abin da ba a saba gani ba, ya ce, "Hauni, sake tambaya."

"Jatau ɗan wa?"

"Nawa ne."

Jama'a suka yi ta salati, kamar yau suka fara ji.

Hauni ya mayar da takobi kube. Alƙali, wanda ya gano ƙarfin halinsa a daidai wannan lokaci, ya ce mai sa talaka rantsuwar ƙarya bai cancanci rawani ba, aka tuɓe Waziri a nan take.

Sarki ya miƙa hannu: "Zo, ɗana. Za a ba ka gida a fada."

Jatau bai matsa ba. "Gida ina da shi, a unguwar masunta. Kabarinta yana bayansa. Can ake karɓar gaisuwa."

Masu ba da labari sun ce Sarki ya je, da ƙafa, rana tsaka, kowa na kallo. Sun ce Jatau ya shimfiɗa masa tabarma, ya amsa gaisuwar kamar yadda ake amsa ta kowane baƙo. Nan hikayar ta tsaya, ƙasa kuma ta zauna lafiya, gwargwadon yadda ƙasashe kan zauna.