Ragon da Zufar Ya Sauke

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a can ƙasar Rasha, shekaru masu yawa da suka wuce. Na ga wasunku sun ɗago kai. E, Rasha na ce! Kuna tsammanin babu masu salla a can? Akwai su jingim, ana ce musu Tatar. Wani ɗan'uwanmu da ya yi karatun likita a wajensu shi ya kawo mini labarin nan, ni kuma na ce wallahi ba zan ci shi ni kaɗai ba. Ku matso, ku saurara.

Sunan mutumin Zufar. Ba malami ba ne, ba mai kuɗi ba, ba mai mulki ba. Aikinsa kwasar kashin shanu a gandun gwamnati na ƙauyensu. Ƙasa ce ta sanyi, jama'a, sanyin da ku ba ku san shi ba. Wata biyar cur dusar ƙanƙara na rufe ƙasa, mutum ya fito sai gemunsa ya daskare. A haka Zufar zai fita kullum da shebur, ya kwashe, ya share, ya zuba wa shanu ciyawa, ya dawo gida wajen matarsa Minzifa da 'yarsu Alsu, su ci dankali da miyar kabeji, su kora da shayi mai zafi. Ba ya faɗa da kowa, maganarsa ma ba ta da yawa.

Amma fa Allah ya ba shi ƙarfi, kuma ya sa masa son abu ɗaya a rai: kokawa.

To, mutanen nan suna da wani biki da suke kira Sabantui, wato bikin garma. Idan ƙanƙara ta narke, aka yi huɗa, aka gama shuka, sai kowa ya ajiye aiki a fita fili. Kai, ranar nan ba a magana! Mata sun ci ado, an kafa tukwanen shayi, ana ta kiɗa da wani abu da ake ja ana matsewa kamar zugazugin maƙeri. Nan ana tsere da ƙwai a cokali, cokalin kuma a baki. Can an sa ƙafafu cikin buhu ana tsalle ana faɗuwa, tsofaffi na dariya har da hawaye. Ga wani dogon gungume mai santsi, an ɗaure zakara a samansa, wanda ya hau ya ɗauka nasa ne. Amma duk waɗannan share fage ne. Abin da ya tara mutane shi ne kokawa.

Kokawarsu ba irin tamu ba ce, ku riƙe wannan da kyau. Kowane ɗan kokawa zai zagaya tawul a ƙugun abokin karawarsa, ya riƙe bakin tawul ɗin da hannu biyu. Da wannan tawul za ka ɗaga mutum sama ka maka bayansa da ƙasa. Ƙafa kuwa haramun ce. Ba taɗiya, ba saƙale, ba shuri. Wanda ya kayar da kowa shi ne gwarzon shekara, kuma ladansa rago ne, rago mai rai. Za a ɗora masa shi a wuya ya zagaya filin da shi, jama'a na ihu.

Ƙauyen su Zufar kuwa shekara goma sha bakwai rabonsu da ragon nan. A filinsu ake yin bikin, su ke kiwon ragon, amma kullum sai mutanen ƙauyen tsallaken kogi su zo su ɗauke shi. Abin ya zama gori. Ko a kasuwa aka haɗu sai ka ji ana cewa, "Ku ci gaba da yi mana kiwo, muna godiya." Shi kansa Zufar ya yi shekara goma sha biyu yana shiga, bai taɓa kaiwa karon ƙarshe ba. Wannan shekarar ya haura arba'in, bayansa ya fara ciwo, ya san daga wannan ba zai sake riƙe tawul ba.

Da safen bikin Minzifa ta miƙa masa tawul ɗin da ta yi wa ado da jan zare da hannunta. Ta ce, "Baban Alsu, na wanke babbar tukunya. Kada ka sa in mayar da ita ba komai."

Ya ce, "Sai abin da Allah ya yi."

Ta ce, "Allah zai yi, kai dai ka riƙe da kyau."

Jama'a, ranar nan Zufar kamar ba shi ba! Na farko ya zo, ya ɗaga shi, tim! Na biyu ya zo, tim! Na uku ma wani saurayi ne mai ji da kansa, kafin ya gama gyara tsayuwa sai ga shi yana kallon sama. Filin ya ruɗe. Masu sayar da shayi suka bar tukwane, wanda ya kai rabin gungumen zakara ya sulmiyo ƙasa don kada a ba shi labari. Kafin la'asar saura mutum biyu a fili: Zufar da Yegor.

Wane ne Yegor? Maƙerin ƙauyen tsallake ne, Barashe, Kirista, ƙato mai jan gemu. Shi ya ɗauke ragon shekara huɗu a jere. Alƙalin wasa kuwa wani tsoho ne mai suna Nurislam, kowa na ce masa Babai, wato baba tsoho a bakinsu.

Babai ya ɗaga hannu, suka kama. Subhanallahi! Wannan ya ja, wancan ya ja. Wannan ya ɗaga, wancan ya kafe. Gumi na zuba, tawul na ƙara, ciyawar da ke ƙarƙashinsu ta murje. Mutanen ƙauye na kiran "Zufar! Zufar!" har muryoyi suka dushe. Suka juya sau ɗaya, suka juya sau biyu. A juyi na uku ƙarfin Zufar ya fara ƙarewa, ya ji bayansa na shirin ba shi kunya. Sai dunduniyarsa ta zame, ta saƙale bayan ƙafar Yegor. Abu ne na ƙiftawar ido. Yegor ya tangaɗa, Zufar ya ɗaga, sai ga ƙato a ƙasa, rigingine.

Alhaji na can baya, farka, nan ne wajen labarin!

Babu wanda ya gani. Babai yana ɗaya gefen, jikin Yegor ya tare masa. Jama'a idonsu na sama, wajen kafaɗu. Shi kansa Yegor ya ɗauka tuntuɓe ya yi da tushen ciyawa. Ya tashi yana kakkaɓe jiki, ya kama hannun Zufar da hannu biyu, ya ce, "Maƙwabci, yau ka fi ni. Ka ci halal ɗinka."

Ƙauye ya haukace. Huluna na tashi sama, mata na rungumar juna, shugaban gandu da kansa yana tsalle da tumbinsa. Shekara goma sha bakwai! Aka jawo ragon, wani ƙosasshe mai murɗaɗɗen ƙaho, mutum huɗu suka ɗaga shi suka ɗora wa Zufar a wuya. Ya kama ƙafafunsa, ya fara zagaya fili.

Ku tsaya ku ji abin da ke cikin zuciyarsa. Yana so! Kada wani ya ce muku ba ya so. Shekara goma sha biyu yana mafarkin wannan tafiyar. Ga Minzifa can tana share hawaye da bakin ɗankwali, ga Alsu na ɗaga masa hannu. Zuciya ta ce masa, "Ai ba da gangan ka yi ba, zamewa ce." Ya tambayi kansa, zamewa ce kuwa? Ko da na ji zan faɗi ne na bar ƙafar ta tafi? Wallahi bai sani ba. Abin da ya sani shi ne ƙafarsa ta taɓa, kuma ba don ta taɓa ba da Yegor bai faɗi ba. Zuciya ta ce, "To wa ya gani?" Ya yi taku goma. Zuciya ta ce, "Dubi mutanenka, ka taɓa ganin sun yi farin ciki haka?" Ya ƙara taku goma. Mutumin da ke ɗaukar buhun dusa biyu a kafaɗa, sai ga rago ɗaya na neman durƙusar da shi.

Da ya kai rabin fili sai ya tsaya. Ya sunkuya, ya sauke ragon a hankali, ya riƙe igiyarsa ya nufi wajen alƙali. Kiɗa ya tsaya.

Ya ce, "Babai, ragon nan ba nawa ba ne."

Tsohon ya ce, "Ɗana, rana ce ta buge ka? Je ka sha ruwa."

"Ƙafata ta saƙale tasa. Taɗiya ce."

"Ni ban gani ba."

"Na san ba ka gani ba, Babai. Ni na ji."

Shugaban gandu ya taso a guje, ya kama hannunsa yana magana ƙasa-ƙasa. "Zufar, kana da hankali kuwa? Alƙali ya yanke, mutumin da kansa ya yarda. Allah ya ba ka, ka ce ba ka so? Rufe bakinka ka ɗauki ragonka!" Wani daga cikin taro ya ɗaga murya, "Don wani wanda ko salla ba ya yi za ka kunyata mu?"

Zufar ya juya ya ce, "Shi ba ya salla, ni ina yi. Anjima da wace ƙafar zan tsaya?"

Allahu Akbar! Kun ji magana? Mai kwasar kashin shanu ne fa ya faɗe ta, ba shehin malami ba.

Babai ya shafa gemu, sannan ya ce a sake karawar. Yanzu na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce Zufar ya sake kayar da shi, ya ɗauki rago, kowa ya yi murna. Ina! Ƙarfinsa ya riga ya ƙare. Ko minti ɗaya ba a yi ba Yegor ya ɗaga shi ya shimfiɗe shi a ƙasa. Rago ya sake tsallaka kogi, shekara ta goma sha takwas.

Zufar ya koma gida shi kaɗai, yana dafe da baya, babu wanda ya yi masa sannu. Ya tarar da Minzifa zaune, tukunya a gabanta. Sai ta ce, "Baban Alsu, da ka bari ko zuwa gobe ne, mu ɗanɗana farin cikin kwana ɗaya."

Ya ce, "Da ya kwana, da ba zan iya ba."

Ta tashi ta mayar da tukunyar inda take, tana kuka, ta dafa musu dankali.

Gaskiya ɗaci gare ta, jama'a, kuma ya sha ɗacin. Shekara guda ana yi masa shaguɓe. In ya wuce sai a yi kukan rago a bayansa. Shi kuwa yana ta kwasar kashin shanunsa.

Da shekara ta zagayo, idon Babai Nurislam ya raunana, aka ce sai a naɗa sabon alƙali. Rigima ta tashi. Wannan ƙauye ya kawo nasa, wancan ya ce bai yarda ba. Wancan ya kawo nasa, wannan ya ce sam. Har an fara cewa a fasa kokawar. Sai Yegor ya miƙe a tsakiyar taro ya ce, "Mu mutanen tsallake mutum ɗaya muka yarda da shi, kuma ba namu ba ne, naku ne. Ku ba mu Zufar. Wanda ya yanke wa kansa hukunci, ya yanke mini na yarda." Waɗanda suka yi ta kukan rago suka sunkuyar da kai.

Shekara ashirin da shida Zufar yana alƙalanci a filin nan. In ya ce an faɗi, an faɗi. In ya ce a sake, a sake. Ba a taɓa musa masa ba, ko sau ɗaya. Rago kuwa bai taɓa ci ba har ya koma ga Allah. Da ya tsufa wani ya tambaye shi, "Babai Zufar, ba ka nadamar ragon nan?" Ya yi dariya ya ce, "Kullum sai na tuna shi, ƙato ne wallahi! Amma da na kai shi gida, da har yau yana kan wuyana."

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi. Gaskiya ba ita ce wadda kake faɗa bayan an kama ka ba. Gaskiya ita ce wadda kake faɗa alhali alƙali bai gani ba, wanda ka cuta bai sani ba, jama'arka kuma na roƙonka ka yi shiru. Kuma haƙƙi haƙƙi ne, ko na wanda ba ya bin addininka.

Kowannenmu nan ya san inda ƙafarsa ta saƙale. Kai tela, ƙyallen da ya ragu a ɗinkin mutane, ina yake? Kai manomi, kunyar da ka ci a gonar maƙwabcinka da ya yi tafiya fa? Kai da aka yaba maka a ofis kan aikin da wani ya yi, ka yi murmushi ka karɓa, kana ji na? Ba wanda ya gani, na sani. Amma kai ka ji. Wasunmu shekara ashirin suna yawo da rago a wuya, suna mamakin abin da ya sa salla ke yi musu nauyi.

Ku sauke shi tun kuna rabin fili. Za a yi muku dariya, wataƙila ma ku ci dankali a ranar da kuka sa ran nama. Ku sauke shi duk da haka, don akwai filin da za a tara mu, kuma Alƙalin can ba abin da ke tare masa gani. Allah ya ba mu ƙarfin saukewa tun muna da rai. Ku ce amin.