Waken Biri Ya Riga Gero

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta.

Biri dai kun san shi da rawar kai. Ruwan farko na sauka, ya sunkuci irin wake ya ruga gona.

Tsohuwa Bushiya ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, wake ƙanen gero ne. Bari gero ya kai gwiwa tukuna, don wakenka ya nuna bayan ruwa ya ɗauke."

Biri ya ce, "Iya, nawa waken ba shi da wa!"

Ya shuka. Gona ta yi kore shar, Biri ya dinga alkafura, yana bi gida-gida yana gayyatar cin ƙosai.

Ashe waken a tsakiyar damina zai nuna. Ruwa ya yi ta zuba, 'ya'yan suka ruɓe, sai ganye.

Ranar biki dabbobi suka zo da akusansu, suka yi cirko-cirko. Akuya ce kaɗai ta faɗa gonar, ta ci har cikinta ya taɓa ƙasa.

Ta lashe baki ta ce, "Malam Biri, don Allah baɗi ma kada ka saurari Bushiya."

Ƙurunƙus kan ɓera, mai jin yunwa ya bi Akuya.