Rabin Ayar Uwargida

Akwai wani kafinta da matarsa ta laƙaba wa suna Sarkin Sauri. Da sauri yake cin abinci, da sauri yake tafiya, ko gaisuwa ya yi maka, kafin ka amsa ya sha kwana.

Tun farkon aurensu suna da wani abu da ba sa fashi. Kowace safiya kafin ya buɗe shago, sai su zauna a bakin gado su karanta littafin Zabura. Kun san yadda ayoyin suke, rabin farko ya faɗi magana, rabi na biyu ya amsa masa. To shi ke ɗaukar na farko, ita ta kawo na biyu.

Kullum sai ta yi masa tsiya. "Maigida, wa ya biyo ka ne? Ka bari in ja numfashi mana." Shi kuwa sai dariya, gobe ma ya maimaita.

A haka suka tsufa. 'Ya'ya suka watse, saura auta a gida.

Kwatsam ciwo ya kayar da uwargida. Ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. Likita ya ce bakin zai iya buɗewa, zai iya kuma ƙi, sai dai a yi ta gwadawa.

Bawan Allah ya yi duk abin da hannu zai iya. Ya ƙera mata kujera mai jingina, ya kafa mata katakon dafawa daga gado har ƙofar banɗaki. Karatun safe ma bai daina ba. Sai dai don tausayi, yanzu in ya karanta rabinsa sai ya haɗa da nata, ya rufe littafi, ya gyara mata bargo, ya fice.

Amma kullum ya gama, sai ta juya fuska bango. Ta fara ture abinci, tana ta ramewa a kan idonsa. Tsoro ya kama shi, don ya ga alamar matar nan ta fara sakin rai.

Ya ce wa auta, "Ko mamanki ta gaji da karatun ne? Ko fushi take da Allah?"

Auta ta ce, "Baba, in faɗa maka ba za ka ji haushi ba? Jiya ina tsaye a bakin ƙofa na ga leɓenta yana motsi bayan ka gama rabinka. Kafin ta haɗa kalma ɗaya, ka wuce aya ta gaba. Baba, cinye mata rabonta kake yi."

Ashe abin da ya rage mata a duniya ke nan, shi kuma ya karɓe da sunan taimako.

Washegari ya karanta rabinsa, ya yi shiru. Ku da kuka san halinsa, ku yi tunanin wannan shirun. Bakinsa na ƙaiƙayi, rabin nata na kan harshensa, amma ya danne. Ba ta ce komai ba, sai dai ranar ba ta juya fuska bango ba.

Haka aka yi kwana da kwanaki. Shayi ya huce, shago ya zauna a rufe har rana ta ɗaga, masu ba shi aiki suna ta ƙorafi.

Ran nan ya karanta rabinsa, sai ga wani da ya zo karɓar kujerunsa yana buga ƙofar gida kamar zai ɓalla ta. Da a da ne, tuni ya zabura. Yau kuwa ya riƙe hannunta, ya ci gaba da kallonta.

Can sai murya ta fito, a dishe, kalma ɗaya, ta tsaya, sannan wata. A hankali, da ƙyar, ta kai rabinta ƙarshe.

Hawaye suka wanke masa fuska. Ita kuwa ta dube shi da murmushin gefen bakinta mai lafiya, ta ce, "Yau dai... ka jira ni."

Darasi: Ba kowane taimako ne yi wa mutum abinsa ba. Wani lokacin ƙauna ita ce ka yi shiru, ka jira mai rauni ya kawo nasa da kansa. In kana da mai jinya a gida, ko ka san wani Sarkin Sauri, tura masa wannan labari.