Kurege Ɗan Aiken Fatakwal

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama!

Ta zo mu ji ta, Baba.

To, mai tari ya yi abinsa yanzu, ba na son katsewa.

Wata tsohuwa ce, Gwaggo Tabawa, 'yarta ɗaya tilo, Lantana, aiki ya kai ta Fatakwal. Zuwanta na ƙarshe ta koya wa uwar wani abinci, wai shi fiza. Ni dai gurasa na gani. A murza ƙullu falan-falan, a gasa a kasko ba mai, ya huce, a shafa kindirmo da ɗan zuma, sai a jera yankan ayaba da gwanda da kankana a kai. Ko ka cinye, ba ya yi maka nauyi a ciki.

Shekara uku Lantana shiru. Duk Juma'a Gwaggo sai ta haɗa, ta ɗora a faifai, ta zauna tana kallon hanyar mota. Wallahi kewa ta cinye matar nan.

Kurege yana kan katanga, yawu na zuba. Ya diro ya ce, "Gwaggo, kawo in kai mata. Ni ta ƙarƙashin ƙasa nake bi, Fatakwal nan da can ce."

Ta ba shi. Ya ja ta rariya, ya kai bayan suri, ya cinye tas, ya dawo yana haki.

"Ta ce me?"

"Ta ce tana gaishe ki. Ta ce a sa mangwaro."

Gwaggo ta dube shi, ta daɗe, sannan ta ce, "To."

Wata Juma'ar ya ja ta rariya, ya cinye tas, ya dawo yana haki.

"Ta ce me?"

"Ta ce tana mafarkinki. Ta ce a ƙara mangwaro."

Haka dai, haka dai, har ɗan banzan ya yi tumbi. Ran nan ya kutsa rariya, kai ya fita, ciki ya ƙi. Gaba ta gagara, baya ta gagara, ga kindirmo har kunne. Gwaggo ta damƙi wutsiya ta fizgo shi, muciya a ɗaya hannun.

Ya ce, "Tsaya, Gwaggo! Lantana ta ce duk wanda ya taɓa ɗan aikenta, ba ita ba shi!"

Gwaggo ta ce, "Rufe min baki, ɓarawo. Lantana tun tana goye mangwaro ke fesa mata ƙuraje, ko warinsa ba ta so. Tun ranar farko na gane ka."

Kurege ya ce, "To, me ya sa kika yi ta ba ni?"

Ta ajiye muciyar, idonta ya kawo ruwa. "Shekara uku ba wanda ya shigo gidan nan ya ce min Lantana tana gaishe ni, sai kai."



Ta tura masa faifan. "Daga yau ba rariya, ba bayan suri. A gabana za ka ci. Ci mana." Ya kai loma ɗaya, ta matso kusa da shi, ta sassauta murya. "To, ta ce me?"

Ya haɗiye lomar, ya ce, "Ta ce tana nan tafe, Gwaggo."

Ƙurunƙus kan ƙwallon mangwaro! Duk mai shirin cin abincin wani da sunan wani, ya fara tambayar abin da ke sa mai sunan ƙuraje.