Ranar da Gangunan Abu Sattar Suka Yi Shiru

Akwai wani makaɗi a unguwarmu ta Zubair a Basra, sunansa Jum'a, amma kowa Abu Sattar yake ce masa. Baƙi ne wuluk kamar yawancinmu a layin. Duk bikin da ya amsa sunansa biki, shi da yaransa ne ke kiɗan. Bai taɓa zama a aji ba. Ita kuwa autarsa Rihab, mai shekara tara, ko jaridar da aka naɗo kifi a ciki sai ta karanta kafin a yar.

Da zafi ya sassauta aka sanar za a yi baje kolin littattafai a filin unguwa, har da zaman karatu na yara. Rihab ta hana kowa sakat a gida. Ta ɗauki littafinta ta tafi wurin shugaban kwamitin, Ustaz Muwaffak, ta ce tana so ta karanta labari a gaban jama'a.

Ustaz ya kalle ta daga sama har ƙasa, ya yi dariya.

"Ke ba 'yar Abu Sattar ba ce? Ai ku kiɗa a jininku yake. Ku zo ku kaɗa mana a wurin buɗewa, ku taka rawa, a ba ku burodi da shayi. Karatu kuma ki bar wa masu shi."

Ku ji fa! Ƙaton mutum da furfura, wai shi ne mai kiran yara su yi karatu.

Rihab ba ta yi kuka ba, kuma wannan ne ya fi ciwo. Ta iske uwarta a bakin tanderu, ta miƙa mata littafin.

"Mama, ki hura wuta da shi. An ce ba namu ba ne."

Uwar, Ummu Sattar, ta fizge littafin ta cusa a rigarta. Abu Sattar yana zaune yana ɗaure fatar ganga, ya ji komai. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

Washegari Ustaz ya aiko a ce masa ya zo da ganguna ranar Juma'a. Ya ce to.

"Za ka je?" in ji matarsa. "Bayan abin da ya yi wa 'yarka? Wallahi ka ba ni kunya!"

"Zan je, Ummu Sattar. Kuma layin nan kaf za mu tafi."

Ya bi gida-gida. Maƙwabcinsa Abu Kazim ya ce, "Haba ɗan'uwa, me zai kai mu? Mu shiga ana bin mu da ido kamar mun zo sata?"

"To zauna!" Abu Sattar ya daka masa tsawa. "Zauna a gida, gobe jikanka ma a kira shi ya yi wa jikan Muwaffak rawa!"

Ranar Juma'a da la'asar fili ya cika. Manyan baƙi suna kan kujeru, masu littattafai sun baje kaya. Sai ga mutanen layinmu, uwaye da ubanni da yara, kowa cikin kayansa na salla. Ustaz ya washe baki, ya ɗaga hannu a fara kiɗa.

Abu Sattar ya sauke gangarsa ya kife ta a kan tabarma. Yaransa ma suka kife nasu. Wurin ya yi tsit. Ummu Sattar ta fito da littafin ta ɗora a kan gangar.

"Karanta mana, Rihab," in ji Abu Sattar.

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Baba, ya ce ba namu ba ne."

"Dube ni nan. Na tsufa ina kaɗa wa 'ya'yan wasu ranar da suka gama makaranta. Ni ko sunana ban iya rubutawa ba, kuma abin yana ci mini rai kullum. Idan kika ajiye littafin nan yau, to maganarsa ta tabbata. Karanta mini in ji."

Ta buɗe. Ta yi tuntuɓe sau biyu, ta koma ta gyara. Ustaz ya fizgi lasifika ya fara jawabi don ya danne ta. Amma na kusa sun riga sun kasa kunne. Wata tsohuwa ta juya kujerarta wajen tabarmar, wasu suka bi ta. Wani mai sayar da littattafai ya kwaso runguma guda ya zube a gaban yaran, suka yi ca a kai. Kafin Ustaz ya kai rabin jawabinsa, ƙeyar mutane kawai yake gani.

Ya sauko a fusace. "Abu Sattar, ka kunyata ni a gaban baƙi!"

"Kai da ka kunyata yarinya ƙarama, wa ka ba haƙuri? Matsa, Ustaz, kana tare mata haske."

Ustaz ya waiga neman mai goya masa baya, bai samu ko ɗaya ba. Ya ja da baya.

Rihab ta karanta har shafin ƙarshe. Ana ta tafi, ita ko a jikinta. Ta kama rigar ubanta tana ja.

"Baba, labarin bai ƙare ba, akwai na biyu. Tashi mu je mu nemo."

Darasi: Babu fatar da aka halitta don karatu, babu wadda aka halitta don nishaɗantar da wasu. Magana ɗaya ta raini tana iya raba yaro da littafi har abada, sai fa in iyayensa sun tsaya masa. Ka kama hannun ɗanka ka kai shi inda littattafai suke, ko da kai ba ka iya karatu ba. Ku tura wa sauran iyaye su gani.